Jirgin da Kaka Wada ya ajiye kamar rumbu

Kakana na wajen uwa, Malam Wada, manomi ne ɗan manomi. A ƙauyenmu da ke ƙasar Dungass ba a taɓa jin wani cikin zuriyarmu ya iya ruwa ba. Ruwan da muka sani shi ne na rijiya da na sama. Amma shi ne mutum na farko a garin da ya mallaki jirgin ruwa, da furfura har a girarsa, bai kuma taɓa riƙe filafilin tuƙa jirgi ba.

Gabas da gari akwai wani kwari inda a da kowane gida yake da garka. A tsakiyarsa akwai ɗan tudu, a nan kakata Hinda ta dasa dabino. Ta zo da ƴaƴansa daga gidan ubanta a wajen Yekuwa, kuma duk haihuwar da ta yi sai ta ƙara dasa ɗaya da sunan jaririn. Da tulu ta raine su. Ta rasu shekarar da na shiga kolej a Magaria. Bayan haka daminu masu nauyi suka biyo juna, ruwa ya riƙa tsattsafowa daga ƙasa, kwarin ya cika bai sake janyewa ba. Garake suka nutse. Tudun Hinda ya koma tsibiri, tsakaninmu da shi ruwa mai zurfi da laka.

Kullum bayan la'asar Kaka yakan je gindin gawon da ke bakin ruwa ya zauna yana hangen kawunan dabinon. In na zo hutun lakwal, wato makaranta, nakan kai masa fura can.

Sai ga wani masunci Babarbare, Kyari, ya iso daga wajen tafkin Cadi da tsohon jirgin katako a bayan mota. Jirgin yana da wani abu da ba mu taɓa gani ba: buhunan taki da aka farke aka ɗinke wuri ɗaya, ana ɗaga su a kan doguwar gora, iska ta cika su ta tura jirgin. Ba mu da sunan abin, sai aka riƙa ce masa rigar jirgi.

Wata rana Kyari ya ɗauki Kaka ya tsallakar da shi. Kaka ya dawo da busasshen dabino cikin hula, ya kasa cin tuwo.

"Suna nan, Balki," ya ce mini. "Ba mai sare musu busassun rassa, ba mai ce musu sannu, amma suna nan."

Bayan kaka kifi ya ja baya, Kyari ya ce zai ƙara gaba, jirgin kuwa ya tsufa da yawa, ba zai sake jure hanyar mota ba. Kaka bai yi shawara da kowa ba. Ya kwance san huɗarsa ya kai wa Kyari.

Kawu Tijjani, ƙanen mahaifiyata mai shago a Magaria, a ranar ya hau babur ya zo.

"Baba, sa mai ƙafa huɗu ka bayar ka karɓi akushi? Akushin ma da ya girme ni?"

"Ya girme ka, ya kuma fi ka jin magana."

"Ka iya ruwa ne?"

"Kai da ka sayi babur ka iya gudu ne?"

Kaka ya juyo gare ni, da yake mu jikokinsa mata duk matansa ne a wasa. "Amarya, ki shirya. Zan kai ki yawon da babu saurayin da zai kai ki."

"Tsoho, fara koyon wanka a bakin tafki tukuna," na ce.

Kafin Kyari ya tafi ya nuna wa Kaka yadda ake riƙe igiyar rigar, da yadda ake sa filafili a baya a juya kan jirgi. Kaka ya ɗauki karatun da gaske, har a tsakar gida yakan zauna kan turmi yana jan igiyar guga yana gwadawa. Sai dai a kwanakin ne muka lura yana yawan buge ƙofa da kafaɗa, in an miƙa masa ƙwarya daga gefe ba ya ganinta. Kawu ya ce babu zancen tsallaka ruwa sai an ga lokotoro, likitan ido, a Damagaram. Kaka ya yarda, bisa sharaɗin a bar shi ya adana jirginsa.

Ya adana shi kuwa yadda manomi ke adana abin da yake so. Mu a wurinmu duk abin da yake na itace maƙiyansa biyu ne, gara da damshi. Ya sa aka fito da jirgin daga ruwa, aka ɗora a amalanke har bayan gida. Ya jera duwatsu kamar na gindin rumbu, aka ɗora shi a kai don kada ya taɓa ƙasa. Ya barbaɗa toka a ƙarƙashi, ya kafa masa rumfa, ya kewaye da zana. Dattawan gari suka zo suka duba, kowa ya ce Wada ya iya riƙon kaya. Babu wanda ya ga aibu, har ni.

Daga Damagaram aka wuce da shi gidan Kawu a Magaria, ya yi zafin bazara duka a can ana ɗiga masa magani. Lokotoro ya ce hawan jinin ido ne. Abin da ya tafi ba ya dawowa, maganin kuma jinkirta sauran kawai yake yi. Kaka ya ce mini ganinsa ya koma kamar na mai leƙe ta cikin kara, kullum kuma kafar tana ƙara tsukewa. Da ruwan farko ya sauka ya ɗaure kayansa.

"A mai da ni gida. Ina so in ga dabinon nan tun da sauran kafar."

Ranar da aka mai da jirgin ruwa rabin gari ya fito. Aka tura shi, ya ɗan yi gaba, sai ruwa ya fara ɓulɓulowa ta kowace gaɓa tsakanin allunan. Kafin a jawo shi ya cika ya zauna a kan laka, bakinsa kawai ake gani. Wasu suka fara dariya, sai kuma wurin ya yi tsit. Kaka yana tsaye rungume da rigar jirgin a naɗe.

"Balki, me ya faru? Ban gani sosai ba."

Na faɗa masa.

Da yamma na kira Kyari a waya, na sa a kunnen Kaka, amma muryar tana fita kowa yana ji.

"Ina kuka ajiye shi?" in ji Kyari.

"A inuwa, bisa duwatsu. Wallahi ko raɓa ba ta taɓa shi ba."

Kyari ya yi salati, sannan ya tuntsire da dariya. "Malam Wada, ai da ƙishirwa kuka so kashe shi! Laifina ne, ban yi zaton sai an faɗa ba. Katakon jirgi in ya bushe tsukewa yake, bakin allunan ya buɗe. Ku bar shi cikin ruwan, ku ɗora masa nauyi ya nutse sosai. In ya sha ya kumbura, da kansa zai haɗe."

"Har yaushe?"

"Sai ya ƙoshi. Tsoho ne, ba ya sha da gaggawa."

Duwatsun da aka ɗaga shi da su, su aka kwaso aka danne shi. Kaka da hannunsa ya sa na ƙarshe. Na san abin ya yi masa ciwo, mutumin da ko ƙotar fartanya ba ya bari ta kwana a ruwan sama.

Daga nan sai jira. Gero ya tsiro, aka yi noman farko. Kowace safiya sai ya shiga ruwa zuwa gwiwa ya laluba gaɓoɓin da yatsa, ya fito ya ce da saura. Da yamma ya zauna gindin gawo ya fuskanci gabas. Wata rana ya tambaye ni, "Dabinon hagun nan mai karkata, yana nan?" A nan na gane daga bakin ruwa ya daina hango su. Bai taɓa cewa a yi sauri ba, amma ya fara ɗiga maganin kafin lokacinsa, sai da na ɓoye kwalbar.

Da gero ya kai ƙugu, yatsansa suka daina shiga tsakanin allunan. Aka cire duwatsu, aka kwashe ruwan da ƙwarya, aka cusa tsumma da kwalta inda ya rage. Jirgin ya kwana a kan ruwa, da safe ɗan abin da ya shiga bai cika moɗa ba.

Kawu Tijjani ya zo, ya tuɓe shaddarsa, ya ɗaura wa kowannenmu bido, jarkar roba marar komai, a ƙirji.

"In akushin ya kife, kowa ya rungumi nasa," ya ce.

Iska tana busowa daga yamma. Kawu ya ɗaga gorar, buhunan suka yi fat-fat, sai suka cika lokaci ɗaya, jirgin ya zabura har na kama bakinsa da hannu biyu. Kaka yana baya, igiya a hannu ɗaya, filafili a hammata. Ni ina gaba, ni ce idonsa. In ce dama kaɗan, ya yi hagu, Kawu ya yi ihu, shi kuma ya yi dariya irin wadda ban ji ba tun rasuwar Hinda. Muka wuce kan wani itacen jigon ban-ruwa da ya leƙo daga ruwa, na faɗa masa.

"Garkar Labbo ke nan," ya ce. "Albasarsa ba ta taɓa kai tamu ba."

Da muka taɓa tudun na fara kwatanta masa dabinon, ya ɗaga hannu.

"Kada ki gaya mini. Bari in gani."

Ya kwanta rigingine a kan yashi. Ta wannan ƴar kafar da ta rage masa ya riƙa bin su ɗaya bayan ɗaya, yana juya kai a hankali don kada wani ya kuɓuce.

"Ga na uwarki. Ga na Saliha da ba ta rayu ba, dubi yadda ya fi su tsawo. Ga na Tijjani, ya karkace kamar mai shi."

Kawu ya juya baya yana ta gyaran igiyar da ba ta lalace ba.

Da rana ta take muka tashi komawa, sai muka ga iskar da ta kawo mu tana nan tana busowa a fuskarmu. Babu wanda ya tuna ya tambayi Kyari yadda ake dawowa.

"Ku bari ta juya," in ji Kaka daga inda yake kwance.

"Baba, iskar damina ce, sai kaka take juyawa!"

"To, wa ke gaggawa?"

Kawu ne ya dawo da mu da filafili, yana zufa yana mita, muka iso ana kiran la'asar.

Kafin a yanke gero Kaka ya daina ganin komai sai haske da duhu. Jirgin yana nan ɗaure a gawo, samari suna ɗaukarsa su je su gyara dabinon su kawo masa. Dokarsa ɗaya ce: ba a fid da shi daga ruwa. In rani ya yi nisa ruwa ya ja baya, yakan kama kafaɗata mu gangara, ya sunkuya ya shafa ƙarƙashin jirgin. In ya ji laka maimakon ruwa sai ya miƙe ya ce, "Amarya, kama can mu tura shi gaba, ya sha."