Kwanson da Kelvin Ya Ƙi Zubarwa

Kelvin Brophy mijin yayata Noeleen ne. Shekara talatin da huɗu ya yi yana harbin kangaru a yammacin garin Bourke, kuma a duk tsawon shekarun nan bai taɓa shiga kanti ya sayi kwalin harsashi ba. Da kansa yake haɗa nasa. In ka ce masa marowaci, sai ya ce ba rowa ba ce, sanin ciwon kai ne. Ni dai na san hannun jarirai gare shi, don ni ke riƙe da ɗakin sanyin da maharba ke kawo nama, ni ke aunawa, kuma ban taɓa ɗora masa kangaru a sikeli bai leƙo ta kafaɗata ba.

A rumfar kwano da ke bayan gidansa yake aikin. Zai ɗauki kwanson da ya riga ya harba, ya wanke, ya matse shi a inji ya koma siffarsa, ya sa masa sabon ɗan ƙyastu a gindi, ya auna albarushi a wani ɗan sikeli da ko numfashi ka yi kusa da shi sai ya harare ka, sannan ya dasa kan dalma. Harsashin kanti ya kusa dala biyu. Nasa bai kai ɗaya ba. Mutumin da ke harbi hamsin ko sittin a fita ɗaya, wannan bambancin shi ne man motarsa, kuma Kelvin zai iya yi maka wannan bayani tun shayinka na tururi har ya huce.

Duk ribar tana jikin kwanson ne, don shi kaɗai ake maimaitawa. Amma tagulla ma tana gajiya. Duk harbin da aka yi sai ta ɗan miƙe, ta siranta ta ciki, can kusa da gindi, inda ido ba ya gani. Saboda haka Kelvin ya jera robobin askirim bakwai a kan kanta, kowace da lambarta. Kwanso ya yi harbi ɗaya, yana roba ta ɗaya. Ya yi biyu, ya koma ta biyu. Daga ta bakwai sai buhun 'yan gwangwan. Kafin ya cika kowanne kuma, sai ya zura wata 'yar waya mai lanƙwasasshen baki ya shafa cikin. In bakin wayar ya ɗan maƙale a wani gurbi, to wannan ya gama aiki, ko a roba ta uku yake. Na sha zama ina kallonsa, ido a rufe, kai a karkace kamar mai sauraron rediyo. Gaskiya ina sha'awar aikin nan nasa, ko da yake ban taɓa gaya masa ba, don kada kansa ya ƙara girma.

Sai abubuwa suka taru masa. Kuɗin sabon kwanso ya ninka, albarushi ya yi wuyar samu, kuɗin kilon nama kuwa ya tsaya cak kamar an kafe shi. Wata rana na shiga rumfar aron sifana, na ga robobi sun zama goma sha ɗaya.

Na ce, "Mijin yaya, askirim ɗin ne ya yi maka daɗi, ko kwanson ne ya daina tsufa?"

Ya ce, "Lyle, kai da ko ƙusa ba ka iya bugawa daidai ba. Ɗauki sifanarka ka ba ni wuri."

Ya ce wayar tana nan, ita ce alƙali, lamba banza ce. Da na yarda da shi, in ba don abin da Noeleen ta gaya mini ba. Yatsunsa sun fara mutuwa. Shekaru yana jan gawar kangaru, yana riƙe sitiyari a hanya mai gargada, yanzu ita ke ɓalle masa maɓallin riga da safe. Ya ƙone a jikin butar shayi bai sani ba sai da ya ga bororo. Mutumin da ba ya jin zafin buta, yaya zai ji ɗan gurbin da bai kai kaurin gashi ba? Yana dai zura wayar kamar kullum, yana rufe ido, yana karkata kai, kowane kwanso kuma sai ya ci jarrabawa. Noeleen ta ce masa garin neman gira zai rasa ido. Ya ce mata ta kula da girkinta.

A wannan shekarar lasisinsa zai ƙare, ƙarshen Fabrairu. Ba a sabuntawa sai ka sake gwajin harbi: harsashi biyar, mita ɗari, duka su shiga da'irar da ba ta kai tafin hannu ba. In ya faɗi, wani gwajin sai bayan wata uku. Mai makiyayar da Kelvin ke harbi a cikinta kuwa ya riga ya ce ba zai jira kowa ba, kangaru na cinye masa ciyawar tumaki, kuma akwai wani maharbi daga garin Cobar da ya daɗe yana zawarcin wurin. Filin nan shi ne cinsu, shi ne shansu. Kelvin ya san kowane kududdufi da kowace ƙofar shinge a cikinsa, kuma mai shekara sittin da ɗaya ba ya samun sabon fili.

Ana saura kwana biyu gwajin na roƙe shi ya sayi sabon kwanso ko guda ashirin ne, don wannan ranar kawai. Har na ce zan biya. Ya ce ba a sayarwa sai ɗari, kuma sabon kwanso bai san cikin bindigarsa ba, tsohon shi ne ya zauna daram. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ya zaɓi guda shida daga roba ta goma sha ɗaya, wai su ne suka fi faɗawa wuri ɗaya, ya goge su har suna ƙyalli, ya zuba a aljihun riga.

Ranar gwajin ni na tuƙa shi. Kafin ƙarfe goma zafi ya haura digiri arba'in, ƙudaje sun cika mana fuska. Maharba tara ne a layi. Mai gwajin wata mata ce, Raelene Dunstan, doguwa, ba ta da yawan magana, ta zauna a gefe da tabaron hangen nesa tana kallon takardar saiti. Kelvin ne na shida. Sauran duk sun sa gilashin kare ido, shi ya cire nasa ya miƙo mini, wai gumi na sa shi hazo. Na tsaya bayansa riƙe da gilashin da gorar ruwa kamar wani dogari.

Harbi na farko ya shiga tsakiya. Na biyu ya kusa shiga ramin na farkon. Na uku ya ɗan yi dama, amma yana ciki. Wani daga baya ya ce tsoho fa bai tsufa ba. Na fara jin kunyar surutun da na yi ta yi masa.

A na huɗu ƙarar ta bambanta. Ba ta fi ƙarfi ba, wani ɗan tsaki ne ya biyo ta, na kuma ga siririn hayaƙi ya fito ta bayan bindigar, inda bai kamata ya fito ba. Kan Kelvin ya fizga baya. Raelene idonta na cikin tabaro, ta ce, "Huɗu a ciki. Saura ɗaya."

Ya ja ƙarfen buɗe bindigar a hankali, ya tare kwanson da tafin hannu don kada ya faɗi ƙasa. Amma yatsun nan ba su riƙe ba. Ya gangaro ya tsaya a bakin takalmina. Na duƙa na ɗauka, da zafinsa. Ya tsage a gewaye kusa da gindi, baƙin toka ya zana layin, saura ɗan ƙiris ya rabu biyu. Na dubi Kelvin. Kuncinsa na dama ya yi ɗigo-ɗigon baƙi, idon ya yi ja yana zubar da ruwa.

Ya sa hannu a aljihu ya ciro ɗaya daga biyun da suka rage. Bai juyo ba, ya yi magana ƙasa-ƙasa yadda ni kaɗai zan ji.

"Sa tsagaggen nan a aljihunka, Lyle."

"Kelvin, roba ɗaya suka fito."

"Harbi ɗaya ne. Ɗaya tak. Ka rufa mini asiri."

Shekara talatin da wani abu ina saninsa, bai taɓa roƙona komai ba, ko gishiri. Na san abin da ke faruwa in kwanso ya rabu gaba ɗaya: wutar da ya kamata ta bi bututu sai ta dawo ta baya, idon mai harbi kuma yana nan a manne. Na kuma san sau da yawa ba abin da ke faruwa sai ɗan hayaƙi. Ya zura harsashin, ya rufe ƙarfen. Ya kwantar da kunci, ya ɗago ya share idon da hannun riga, ya sake kwantarwa. Na ga yatsansa ya doshi kunama.

Na ce, "Hajiya Raelene, dakata. Dubi wannan." Ban ma san inda na samo hajiyar ba, tsoro ne kawai.

Ta ce a tsaya, kowa ya ɗaga hannu daga bindiga. Ta karɓi kwanson ta juya shi, ta dubi fuskar Kelvin, ta sa shi ya fitar da na cikin bindigar. Ta tambaye shi sau nawa aka cika su. Ya ce kaɗan. Ta ci gaba da kallonsa har ya ce goma sha ɗaya. Wani a layi ya yi fito. Ta ce ba za a harba sauran a filinta ba.

Ba ta zalunce shi ba, wannan zan faɗa ko a gaban wa. Ta ce ya wanke ido, ya huta, ya nemi harsashin kanti ya gyara saiti, ya sake biyar ɗin daga farko bayan kowa ya gama. Wani maharbi ya ba shi kwali, ya ƙi karɓar kuɗi, wanda na san ya fi komai ƙona masa rai. Sai dai idon ya ƙi daina ruwa, iskar rana kuma ta taso. Uku suka shiga. Biyu suka fita da faɗin yatsa biyu.

Kilomita tamanin muka yi zuwa gida. Da muka tsaya a ƙofa ya sauka, ya ɗauki bindigarsa, ya ce, "Harbi ɗaya, Lyle," ya shige. Noeleen ta kai shi asibiti washegari, aka ciro masa 'yan ɓurɓushin albarushi, aka ce idon zai warke. Ta kira ni ta yi godiya tana kuka. Godiyar ba ta yi mini daɗi ba ko kaɗan.

Kafin ƙarshen Maris mutumin Cobar ya karɓi filin. Ni nake auna masa nama, kangarun da na san daga wane kududdufi suka fito. Kelvin bai je gwajin watan Mayu ba, ya ce lasisi ba fili kamar linzami ne ba doki. Ya koma gyaran shinge da famfon ruwa a makiyayun mutane, ana biyansa kuɗin yini. In mun haɗu a gidansu ranar Lahadi yana gaishe ni, yana miƙo mini naman tunkiya, amma ko sau ɗaya bai ƙara zagina ba. Wata biyar muka yi a haka, kuma na ji jiki. Wani lokacin in ce na yi daidai, wani lokacin in ce wa ya aike ni.

Wata safiya a watan Agusta, lokacin sanyinmu, ina wanke ƙugiyoyin rataye nama da ruwan da ke ƙanƙarar da hannu, sai ga motarsa. Ya shigo ya tsaya gaban sikeli, ya kwance wani ƙyalle a kan tebur. Kwanso biyun nan ne da suka rage ranar gwaji. Ya zare dalmar, ya zubar da albarushin, ya tsaga kowanne a tsaye da zarto.

Ya tura mini na farko. Bangonsa da kauri tun daga baki har gindi, sumul, ba ko tabo.

"Wannan zai yi harbi biyar nan gaba," in ji shi.

Ya ɗauki rabin na biyun, ya ɗaga shi saitin ƙofa. Kusa da gindi tagullar ta yi siririya kamar ɓawon albasa. Ya danna da babban yatsa, ta karye ba ko ƙara.

Na daɗe ina kallonsu. Sannan na yi tambayar da ta hana ni sakat tun Fabrairu.

"Wanne ne ka sa a bindigar?"

Ya tattara gutsattsarin a ƙyallen, ya ƙulle, ya bar mini a kan teburin.

"Da matar nan ta sa na fitar da shi, aljihu ɗaya na mayar da su," ya ce. "Wata biyar ke nan ina son in tuna."