Ƙarfen Sirdin Keken Baba

Bana shekara goma sha uku ke nan da rasuwar yayana, Malam Sabo mai gyaran keke, wanda rumfarsa take bakin hanya in ka fito daga Kabara za ka Ƙofar Nassarawa. Allah ya jiƙansa. Shi mutum ne mai taurin kai a kan aikinsa, ni kuwa gaggawa ta yi mini yawa, don haka mun sha saɓawa. Saɓanin da ya fi tsaya mini a rai a kan ƙarfen sirdi muka yi shi.

A shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, ina koyarwa a wata firamare a Dukawuya, kuma a kan keken mahaifinmu nake zuwa kullum. Tsohon keke ne ɗan Ingila, shi kaɗai ne abin da Baba ya bari a hannuna. Da ƙarfen da ke riƙe sirdin ya lanƙwashe, sai na sayo sabo a kasuwa, yana ta ƙyalli, na kai wa Yaya ya ɗaura mini.

Ko sifana bai ɗauka ba. Yana da wata waya da ya jera wa guntayen bututu kamar zobba, kowanne ya yanko shi daga firam ɗin keken da ya gama yayinsa. Da su yake awo. Ya zaɓo zoben da ya yi daidai da bututun da ƙarfen sirdi yake shiga a keken Baba, ya zura sabon ƙarfen a ciki, ya girgiza kusa da kunnena. Na ji yana ƙas-ƙas. Ya ce ƙarfen ya yi siriri, ratar ba ta fi kaurin farce ba, amma ba zai ɗaura ba, in jira ya samo na daidai. Na ce ai kowa a garin nan gwangwanin madara yake yankawa ya naɗa.

"Habu, keken Baba ne," in ji shi. "In ka matse bakin bututun nan a kan ƙarfen da ba nasa ba, tsagewa zai yi."

Raina ya ɓaci, na ɗauka iyayi ne kawai. Na gangara da keken wajen wani mai gyaran, ya naɗa gwangwani, ya ɗaure noti iya ƙarfinsa. Sirdin ya riƙa sulalewa ƙasa, ni kuma ina ƙara ɗaurewa. A sati na uku, wata safiya zan fita makaranta, na ga tsaga ta ɓullo daga bakin bututun tana gangarowa. Na san in ta ci gaba, firam ɗin ya tashi aiki.

Na koma wajen Yaya, kunya kamar in nutse. Bai ce ai na gaya maka ba. Ya miƙa hannu ya sauko da wani tsohon ƙarfen sirdi, an goge shi tas. Ashe tun ranar da na yi fushi yake bin masu tsofaffin ƙarafa da zobensa a aljihu, har ya samo. Kwana biyu ya yi yana liƙe tsagar da tagulla, yana goge cikin bututun. Da ya gama, ƙarfen ya shige sumul, babu duka babu gwangwani.

Yanzu gari ya cika da kekunan gwanjo, wasu bututunsu kauri kamar rake, kowane da nasa awon. Nakan ce da Yaya yana nan me zai ce. Na san zai ji daɗin yadda ake buga lamba a jikin ƙarfen, amma sai ya girgiza shi a kunnensa kafin ya yarda. Na san kuma wayar zobban nan tasa da ta ninka tsawo.

Bai bar gida ba, bai bar fili ba. Wayar zobban tana ɗakina, keken ma yana zaure, kuma har yau sirdinsa bai sake sauka ba. Abin da ke damuna shi ne ban taɓa buɗe baki na ba shi haƙuri ba, kullum ina cewa sai gobe. Duk ranar da nake goge keken, in yatsana ya zo kan tabon tagullar nan sai in tsaya in yi masa addu'a.