Kujerar Gefen Direba

Na ƙi shiga wata tsohuwar mota, aka sallame ni daga aiki. A Aston ne, cikin Birmingham, bayan shekara shida ina bakanike a gareji ɗaya.

Maigidan jikan wani ɗan Ireland ne. Kakan nasa yana cikin na farko da suka yi tseren mota, tun hanyoyi na ƙasa ne da tsakuwa. Daga baya ya buɗe shagon taya, ya yi arziki. Motarsa ta tsere tana bayan garejin, an lulluɓe ta da tamfol. Doguwa ce, ba rufi, ba ƙofa, kujera biyu a matse. Ni na tayar da injinta. Wata uku na yi a kanta.

A zamanin, direba ba ya tsere shi kaɗai. Bakanike na zama a gefensa, yana buga famfon mai da hannu, yana leƙa baya, a kwana kuma ya rataya jikinsa waje don kada motar ta kife. Maigida ne ya gaya mini haka, yana murmushi. Ya ce za a yi taron tsofaffin motoci, shi zai tuƙa, ni zan zauna a gefe. Ya ce girmamawa ce.

Murmushin nan bai kwanta mini ba.

Hotunan kakan suna jere a bangon ofis. Kowa ya shigo rubutun ƙasa yake karantawa. Ni ban iya karatu ba, fuska nake kallo. Direba ɗaya ne a duka, gashin bakinsa ma bai sauya ba. Na gefensa kuwa, kowane hoto da mutum dabam. Na ƙirga huɗu.

Akwai wata mata 'yar Jos mai riƙe mana takardu. Na ce ta ciro hotunan ta duba bayansu.

"Baba, ka zama ɗan sanda ne?"

"Karanta dai."

Ta juya su ɗaya bayan ɗaya. "Sunan kakan oga ne kawai. Sai garin da aka yi tseren."

"Na gefen fa?"

"Babu. Wataƙila aiki suka sauya. Kai dai ko shayi aka ba ka sai ka shinshina."

"Shi ya sa nake raye, 'yar nan."

Ba wasa nake ba. Can gida a ƙasarmu na taɓa zama a gefen direba, tirelarmu ta faɗi a gangaren dutse. Shi ya fito yana kaɗe riga. Ni har yau akwai ƙarfe a ƙuguna.

Na sami maigida, na tambaye shi ina mutanen huɗu suka tafi. Ya ce bai sani ba, ba a taɓa tambayarsa ba. Na ce mahaifinsa bai faɗa ba? Ya ce an dai taɓa maganar wani da aka riƙa aika wa matarsa nama duk Kirsimeti. Sai ya yi dariya, ya ce a hankali za mu tafi, ko keke zai wuce mu.

Na ce kakansa ma haka ya gaya musu.

Fuskarsa ta yi ja. Ya ce in ban yarda da birkin da na ɗaure da hannuna ba, shi ta yaya zai yarda da ni? Na ce birkin lafiya lau yake, ƙafar da za ta taka shi ce ban sani ba. Ranar Juma'a ya ce in kwashe kayan aikina.

Matar nan 'yar Jos ta kira ni bayan taron. Ta ce an je an dawo lafiya, wani ya zauna a kujerar, har an ba su kyautar kofin gasa. Ta ce na yi asarar aiki a banza. Na ce to.

Yanzu ina Manchester, a Old Trafford, ina sauya taya a wani ƙaramin shago. Ɗakina yana sama da shagon, da ƙafa nake sauka aiki.