Mai Kemis da Ƙaramin Gicciyenta

Layin kemis ya tsaya cik, sai wani tela da ke cikin layin ya shiga kallon mai shagon. Gajeriya ce, sai ta taka benci hannunta ke kaiwa kantar sama. Tabaranta a ɗaure da zare, ƙaramin gicciye na lilo a wuyanta. Tana rera waƙar coci ƙasa-ƙasa, muryar kuwa sai haƙuri.

Matashin da ke gaban tela ya sunkuya yana raɗa, irin raɗar da kowa ke ji. Matarsa ce ke da ciki, ga shi an sallame shi daga aiki. Ko akwai abin da zai zubar da cikin?

Ta sauke tabarau. "Ɗana, ni ta Yesu ce. Maganin ciwo nake sayarwa, jariri kuwa ba ciwo ba ne."

"Mama, da me zan ciyar da shi?"

Ta ja masa kujera, ta tura masa maganin ƙarin jini. "Kai wa matarka. Gobe ka kawo min ita. Ƙanena na neman direba, ka iya tuƙi?"

Ya gyaɗa kai, ya zauna yana murza ido.

Tela yana ayyanawa a ransa cewa ƙofar gidan matar nan cike take da ƙananan takalma, rabinsu na 'ya'yan da ba ita ta haifa ba.

Ta leƙo, ta dubi tumbin telan.

"Baba, matso. Amma ka sani, wannan ma ba na zubarwa."