Kifayen Taɓon Mujahida

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, goma ga Sha'aban 1445, bayan Azahar, Allah Ya karɓi ran ƙanwata Mujahida, malamar kimiyya, bayan jinyar wata biyu. An yi mata salla a Masallacin Harami.

Mujahida, shekara ashirin kina koyar da 'yan mata. Wadda ta kasa gane darasi sai ki kawo ta gidanki a unguwar Shisha, ki ciyar da ita, ki sake mata bayani daga farko. Saboda su kika je gaɓar teku kika samo kifayen nan huɗu masu idanu a tsakar ka, waɗanda ke fitowa daga ruwa su ja jiki a taɓo. Kika zuba su a akwatin gilashi, ruwan gishiri ɗan kaɗan, taɓo kuwa tuli. Ni kam ban taɓa ɓoye ƙyamata ba. Na ce kwaɗi ne suka yi shigar kifi, kika yi dariya har da hawaye.

Ranar da za a kwantar da ke asibiti kika miƙo mini mabuɗi. "Yaya Rakiya, amana. Abinci bas, shi kaɗai za ki riƙa ba kifayen, kada ki taɓa komai."

Ban ji ba. Kin san ni da tsabta. Na ga kifi a waje yana haki, na ce zalunci ne. Na kwashe taɓon tas, na wanke gilashin, na cika shi da ruwan famfo har baki, wai in kin dawo ki tarar da gida fes. Ba su sami wurin hawa ba. Kwana biyu duk suka mutu.

Kullum na zo dubiya sai kin tambayi lafiyarsu, kullum in ce lafiya lau. Har kika ce idan ta Allah ta kasance a kai su makaranta, yara su ci gaba da gani.

Ranar Litinin kika nemi gafarar kowa, ɗaya bayan ɗaya. Da kika zo kaina na ce na yafe. Na ce a raina gobe zan faɗa miki maganar kifayen. Abin nan yana cina, Mujahida.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Allah Ya ba 'yarki Manar da ɗalibanki haƙuri. Ni kuma Allah Ya sa ki yafe mini ranar da za mu haɗu, don a nan ban roƙa ba.