Littafin da Na Karanta wa Yayata

Shekarar da na gama makaranta na zauna wurin yayata a unguwar Maamobi, ina taya ta ɗinki. Ba ta yi nisa a boko ba, don haka in aiki ya lafa da rana nakan karanta mata littafi, tana yankan atamfa tana saurare.

Wani littafi na samo wurin mai tsofaffin littattafai a bakin titin Nima, wanda ya yi ta yaba min shi. Labarin wata mata ce da mijinta ke neman wata a waje. Marubucin ya iya zance, amma har muka kai ƙarshe matar ba ta yi komai ba sai tsayuwa bakin taga tana tunani. A shafin ƙarshe mijin ya dawo, ta zuba masa shayi. Shi ke nan.

Na rufe littafin raina a ɓace. Na ce, "Yaya, an ɓata mana lokaci."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Maƙwabtanta fa? Ba wanda ya sani?"

"Bai faɗa ba."

"To bai taɓa zama gidan haya ba. A nan kafin mace ta sani, duk gida sun sani. Daga gaisuwa ake ganewa."

Sai a lokacin na tuna yadda matan gidanmu ke yin shiru in yayata ta fito ɗibar ruwa a famfo. Mai sayar da waakye, wato shinkafa da wake, a ƙofar gida ta fara ƙara mata nama ba ta roƙa ba. Mijin yayata direban motar haya ne, trotro, hanyar unguwar Madina yake bi, kuma ya daina cin abincin gida, wai ya ci a tasha.

Ranar Juma'a ta sa mayafinta mai kyau, ta ce za ta Madina sayen zare, alhali akwatin zarenmu a cike yake. Bayan la'asar ta dawo ba ta riƙe da komai, ta tuƙa tuwo. Na gane ba zare ya kai ta ba, sawun mijinta ta bi. Da mijin ya shigo ta ajiye masa tuwon, ta gaishe shi da fara'ar da ban taɓa gani a fuskarta ba. Ya dube ta, ya dube ni, ya kasa kai loma baki.

Washegari ta ce in haɗa kayana in koma wurin innarmu a New Town. Na tambayi dalili, ta ce ɗakin zai yi mana kaɗan. Na san dai ba ta so in ga abin da zai biyo baya tsakaninta da mijin ne. Da kanta ta raka ni bakin titi, ta tsaya har motar ta tashi.