Makitsiyar Gidan Malam Isiyaku

Ranar da maiɗakina ta tafi biki Daura, na ce ai tuwo ba karatun likita ba ne. Na ɗora tukunya, na juye gari gaba ɗaya, na tuƙa har muciya ta tsaya ƙyam a tsakiya kamar an dasa ta. Kajin gidan ma suka duba suka wuce. Sai na sa hula na nufi Ƙofar Guga, gidan taubashina Malam Isiyaku mai walda, inda nake shiga har tsakar gida. Ƙarar turmi ta haɗiye sallamata. Na ɗaga labulen zaure, na sandare.

Malam Isiyaku ne zaune kan kujera 'yar tsugunno, da gemunsa da furfurarsa, tsinken kitso a baki, kan autarsa Fadila a tsakanin gwiwoyinsa. Yatsun nan masu tabon wuta, masu lanƙwasa rodi, su ne ke gudu cikin gashin yarinya. Can gefe babban ɗansa Mahmud, malamin makaranta guda, yana dakan yaji.

Ya zare tsinken, ya ce in wannan labari ya kai majalisa, ya san bakin da ya kai shi. Babu alamar wasa a fuskarsa.

A unguwar Gobarau aka haife shi, namiji tilo cikin mata shida. Mahaifinsu falken shanu ne, ya fi zama a hanyar Kudu, don haka Isiyaku ya tashi bai san wata duniya ba sai ta yayyensa. Shi ke riƙe wa Yaya Mairo man kitso, daga riƙe mai ya koma tsaga, daga tsaga ya koma kamu. Ya iya talge tun bai iya harbi da danƙo ba. Ranar da yaran unguwa suka leƙo suka gan shi, suka bi shi da waƙa har makarantar allo, ya rantse ya bari. Da ya girma ya zaɓi walda, sana'ar da ba mai zargin mai ita da laushin hannu.

Ya auri Hajjo, Allah ya ba su maza da mata. Matan ba su ba shi wahala ba, ya san fushinsu tun kafin ya iso fuska. Mazan ne suka ɗaure masa kai. Bai taɓa zama da wa ko ƙane ba, bai san me ake koya wa namiji a cikin gida ba, sai ya koya musu abin da ya sani: shara, wanke-wanke, tuƙin tuwo. Duk mai baki a gidan yana da rana a murhu.

Bayan haihuwar Fadila hannun Hajjo na dama ya shanye. Sau ɗaya aka kira makitsiya, kafin la'asar unguwa ta cika da "Allah sarki Hajjo". Da ya dawo ya tarar da ita tana kuka, sai ya nemi tsinke ya zauna. Tun daga nan kan Hajjo da na 'ya'yanta mata bai sake kwana a tsefe ba. In matan unguwa sun yaba sun tambayi makitsiyar, Hajjo takan ce wata ce daga dangin maigida.

Abin da ya sa ya ja mini kunne, Mahmud na neman ɗiyar Alhaji Zakari na Ƙofar Sauri, kuma ana tsakiyar bincike. In mutum ɗaya ya ce "ɗan daudu", magana ta rushe. Mahmud ya sha roƙon babansa ya ajiye tsinken har a ɗaura aure.

Bakina bai yi komai ba, abin da ya ba kowa mamaki har ni. Hajiya Ladi ce, yayar Alhaji Zakari, ta zo gaida Hajjo ba sanarwa. Fadila ta durƙusa da kofin zoɓo, ɗankwali ya zame. Hajiya ta kamo kan, ta juya shi dama da hagu, ta ce rabonta da irin wannan tsagar tun tsofaffin Gobarau, kuma wannan hannun ne zai yi wa amarya kitso. Hajjo ta ba da amsar da ta saba. Hajiya ta ce ai dangin maigidan ta san su kaf: Mairo ta rasu, sauran suna Funtuwa da Kano, to wacece?

Isiyaku na ɗaki yana ji. Ya ji matarsa ta ɗauko "wallahi". Shekarun nan duka tana kare shi, amma bai taɓa sa ta rantsuwa kan ƙarya ba. Ya tuna Mahmud, ya ɗan tsaya. Sannan ya fito.

"Hajiya, kada ta rantse. Ni ne."

Kofin zoɓon ya suɓuce wa Fadila. Hajiya Ladi ta yi salati, ta dubi gemun, ta dubi kan Fadila, ta sake salati. Ta fita da takalmin Hajjo a ƙafa ɗaya. Mahmud ya daina cin abincin gidan, gaisuwa ma sai daga nesa.

Da Alhaji Zakari ya aiko kira, Isiyaku ya tafi da shirin a ba shi haƙuri. Sai Alhaji ya ce yayarsa ta hana shi sakat. Wai ta taɓa karyewa a hannu, ga 'ya'ya maza cike da gida, ba wanda ya iya dama mata koko, gashinta ya cukurkuɗe har sai da aka sa almakashi. Ta ce a ba su yarinyar, ai gida ne da za ta yi jego ba yunwa. A nan aka sa rana.

Wajen ɗaurin aure na matsa kusa da shi, na ce, "To Hajiya makitsiya, yaushe zan turo maiɗakina?"

Bai ko juyo ba.

"Turo ta, taubashi. Ni mata shida suka rene ni, na riƙe gida. Kai mace guda ta je Daura, kaji suka ƙi tuwonka."